Sayen tikitin jirgin sama ta intanet a ƙasar Gumel

Sayen tikitin jirgin sama ta intanet shi ne matafiyi ya nemi kujera a jirgi, ya kwatanta farashi, ya biya kuɗi ta waya ko kwamfuta, ba tare da ya je ofishin kamfanin jirgi ba. Abin da yake samu bayan biya ba takarda ba ce mai kwafi-kwafi irin ta da, saƙo ne da ake turo masa ta imel ɗauke da sunansa, ranar tafiya, lambar tikiti da wata lambar tantancewa mai haruffa da alƙaluma shida. A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar da ke arewacin Jihar Jigawa, wannan hanya ta rage wa matafiya wahalar zuwa Kano takanas domin yankar tikiti, duk da cewa mafi yawansu daga Kanon suke tashi.

Tarihi

Jiragen sama sun fara sauka a Najeriya ne a Kano a shekarar 1925, kuma filin jirgin saman birnin, wanda yanzu ake kira Filin Jirgin Saman Malam Aminu Kano, ya fara aiki a 1936. Shekaru da dama tikiti na takarda ne, ana yankarsa a ofishin kamfani kamar Nigeria Airways da Kabo Air, ko a wurin ejan. Wanda ya yar da nasa sai ya sha doguwar wahala kafin a ba shi wani.

A cikin shekarun 1990 kamfanonin jirage suka fara ajiye bayanan tikiti a kwamfuta kawai, shafukan sayarwa irin su Expedia suka bayyana a Amurka a 1996. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina amfani da tikitin takarda a tsarinta daga ranar 1 ga Yuni, 2008. A wannan shekarar aka kafa Wakanow a Legas, ɗaya daga cikin shafukan farko na sayar da tikiti a Najeriya. Yaɗuwar babbar waya da tiransifa ta banki daga baya su ne suka kai harkar garuruwan da babu ofishin kamfanin jirgi ko ɗaya.

Filayen da mutanen yankin ke tashi

Babu filin jirgin fasinja a ƙasar Gumel. Na Jihar Jigawa yana Dutse, an gina shi a zamanin Gwamna Sule Lamido, aka buɗe shi a 2014, kuma an fi saninsa da jigilar alhazai. Jiragen haya na yau da kullum ba su yawaita a can ba, don haka Kano, mai nisan kimanin kilomita 120 daga garin Gumel, ita ce mashiga. Daga Kano kamfanoni irin su Max Air, Air Peace da Rano Air suna zuwa Abuja da Legas, na waje kuma kamar Ethiopian Airlines, EgyptAir, Saudia da Qatar Airways suna kai fasinja Addis Ababa, Alkahira, Jidda da Doha. Tafiya daga Kano zuwa Abuja kimanin awa ɗaya ce, zuwa Legas kuma awa ɗaya da rabi.

Wannan nisa yana shiga lissafin araha. Jirgin da ke tashi da sassafe sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi, amma mutumin Maigatari ko Sule Tankarkar da ya yanki irinsa dole ya kwana a Kano. Idan ba shi da ɗan'uwa a birni, kuɗin masauki da na mota kan cinye ragin da ya samu.

Masu tafiyar sun haɗa da 'yan kasuwa masu sarin kaya a Legas, Dubai da Sin, dillalan dabbobi da ke hulɗa da kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis, ɗalibai, ma'aikata, masu neman magani a Masar da Indiya, sai kuma masu zuwa Umara, waɗanda suke yawaita a watan azumi.

Inda ake saye

Hanya ta farko ita ce shafi ko manhajar kamfanin jirgin da kansa. A tafiyar cikin gida ita ce ta fi sauƙin sha'ani, domin idan an soke tashi ko an canza lokaci, fasinja da kamfanin zai yi magana kai tsaye. Ta biyu ita ce shafukan dillalai kamar Wakanow da Travelstart, masu jera jiragen kamfanoni da yawa wuri ɗaya kuma suna karɓar naira. Akwai kuma shafukan kwatanta farashi irin su Google Flights da Skyscanner. Waɗannan ba sa sayar da tikiti, nuna farashi suke yi su tura mutum wurin mai sayarwa, kuma ba duk kamfanonin cikin gida na Najeriya ke fitowa a cikinsu ba. Wanda ya dogara da su kaɗai yana iya ɗauka babu jirgi a ranar alhali akwai.

A aikace, mutane da yawa a yankin ba da hannunsu suke saye ba. Ɗa ko ƙane mai waya, ko mai shagon kwamfuta da ke cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa, shi ke yin aikin a ba shi lada. Ejan-ejan na Kano kuma suna karɓar oda ta WhatsApp su turo tikiti ta nan.

Abin da ke sa farashi ya bambanta

Kujerun jirgi ɗaya ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da a sashe guda suke. Kamfani yana raba su aji-aji a kwamfuta, kowane aji da farashinsa da sharuɗɗansa. Idan kujerun aji mai araha suka ƙare, sai na gaba ya buɗe. Shi ya sa mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya, kuma shi ya sa wanda ya saya makonni kafin tafiya yakan samu sauƙi. Lokaci ma yana da tasiri: kuɗi na tashi gab da Sallah, ƙarshen Disamba, da goman ƙarshe na azumi a hanyar Jidda da Madina. A hanyar Abuja, Juma'a da Lahadi da safiyar Litinin sun fi cunkoso.

Mafi arahar tikiti shi ne mafi tsananin sharaɗi. Galibi ba a mayar da kuɗinsa idan fasinja ne ya fasa, canza rana kuma sai da tara haɗe da cikon bambancin farashi. Nauyin kaya ma ya danganta da aji. Ɗan kasuwa mai dawowa da jakunkuna ya fi dacewa ya duba kilo nawa aka yarje masa kafin ya duba kuɗin tikiti, domin kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi yana da tsada.

A cikin abin da fasinja ke biya akwai haraji da kuɗaɗen hukuma, ciki har da kashi 5 cikin ɗari da ake karɓa wa Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, da kuɗin hidimar fasinja na hukumar filayen jirage, FAAN. Man jirgi da canjin dala su ne manyan abubuwan da ke motsa farashi. A Fabrairun 2022 kamfanonin cikin gida sun ɗaga mafi ƙarancin kuɗin tafiya zuwa naira 50,000 saboda tsadar mai. A tsakanin 2022 da 2023 kuma kamfanonin waje sun kasa fitar da kuɗaɗensu daga Najeriya saboda ƙarancin dala, har abin da ya maƙale ya haura dala miliyan 800. Da yawansu suka rufe azuzuwa masu araha ga masu saye daga Najeriya, Emirates ta dakatar da zuwa ƙasar a 2022, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Sakin darajar naira a Yunin 2023 ya ƙara ninka kuɗin tikitin waje.

Tafiya mai yada zango, misali ta Addis Ababa ko Alkahira, takan fi ta kai tsaye sauƙi. Sai dai idan aka yanki tikiti biyu daban-daban daga kamfanoni biyu, jinkirin jirgin farko ba ya ɗora wa na biyu wani alhaki, fasinja ne ke asara.

Biyan kuɗi da kurakuran da aka saba

Ana biya da katin banki, tiransifa ko lambar USSD. Kujerar da aka riƙe ba a biya ba tana da wa'adi, idan ya cika sai ta saki. Inda sabis ɗin intanet ke yankewa, yakan faru banki ya cire kuɗi tikiti bai fito ba. Maimaita biya nan take ba shi ne mafita ba, a fara tuntuɓar mai sayarwa da shaidar biyan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na suna. Dole sunan da ke tikiti ya yi daidai da na fasfo ko katin shaida. A ƙasar Hausa suna ɗaya na da rubutu iri-iri, kamar Muhammad, Mohammed da Muhammadu, wasu kuma suna ɗaukar sunan gari a matsayin sunan ƙarshe a wata takarda su bar shi a wata. Idan wani ne ke cike wa matafiyi, daga shafin fasfo ya kamata ya kwafa, ba daga ka ba. Gyaran suna bayan an fitar da tikiti yana cin kuɗi, wasu kamfanonin ma ba sa yarda da shi.

Damfara

Masu damfara suna buɗe shafuka a Facebook da WhatsApp da tambarin sanannun kamfanoni, su tallata rahusa mai yawa, su nemi a tura kuɗi asusun wani mutum. Wata dabarar ita ce a riƙe kujera da sunan mai saye ba tare da an biya ba, a tura masa takardar da ke kama da tikiti, bayan kwana ɗaya ko biyu kujerar ta saki. Ana gane gaskiya ta hanyar shigar da lambar tantancewa da sunan ƙarshe a shafin kamfanin jirgin, a duba ko an fitar da lambar tikiti, wadda a tsarin IATA alƙaluma 13 ce.

Aikin Hajji ba ya cikin wannan tsari. Kujerar Hajji ana biyanta ne ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha, ko kamfani mai lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, kuma kuɗin jirgi yana cikin kuɗin kujera. Tikitin Jidda da aka saya a intanet ba ya ba mutum izinin yin Hajji, haka kuma tikiti ba biza ba ne a kowace ƙasa.

Haƙƙin fasinja

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rage gani a Kano har a jinkirta tashi ko a soke shi. Dokokin NCAA sun ba fasinjan da aka soke jirginsa zaɓi tsakanin a mayar masa da kuɗinsa ko a sa shi a wani jirgin. A tafiyar cikin gida, wanda ya biya ta banki ana mayar masa cikin kwana 14. Idan ta hannun dillali aka saya, kuɗin ta hannun dillalin suke bi, abin da kan ƙara jinkiri. Hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirage, ciki har da na Kano, inda ake kai ƙorafi tare da kwafin tikiti da shaidar biya.