Marainiyar da muka sayo: labarin Pontiac Vibe da kamfanin da ya mutu ya bar ta

1/ Wata huɗu da suka wuce Yayana ya tashi sayen mota da kuɗin da ya shekara uku yana tarawa, Baba ya cika masa daga kuɗinsa na sallama. Muka samu Pontiac Vibe ta 2006, 'yar Kwatano. Baba na jin sunan ya ce, "Ba da kuɗina za a sayo marainiya ba." Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/ Baba yana da hujja fa. Kamfanin Pontiac ya rufe tun 2010. Tambayarsa ita ce: motar da masu ita suka tattara suka tafi, idan ta lalace ina za ka samo kayan gyaranta? Ya taɓa riƙe wata mota da ta yi wata biyar a kan duwatsu a ƙofar gida, har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta, don haka ba ka isa ka ce masa tsoro ne kawai ba.

3/ Muka kai ta wurin makanikenmu. Ya ɗaga bonet, ya nuna wa Baba rubutun VVT-i a kan murfin inji, sannan ya riƙa nuna masa ƙananan kaya masu tambarin Toyota da na Denso. Ya ce, "Alhaji, uban ne ya rasu. Uwar tana Japan da ranta, kuma mai kuɗi ce." Baba bai yi dariya ba. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai.

4/ Ta yaya motar Amurka ta zo da cikin Toyota? Daren nan ban yi barci da wuri ba, na zauna ina tono. Abin da na samo ya fi ƙarfin rigimar gidanmu, shi ya sa na ce bari in kawo muku, musamman ku da kuke hawa Vibe kullum a tasha ba ku san daga inda ta fito ba.

5/ Sunan tukuna. Pontiac mutum ne, shugaban ƙabilar Odawa, cikin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka. A 1763 ya haɗa kan ƙabilu suka yaƙi sojojin Ingila, suka yi wa sansanin Detroit ƙawanya na watanni. An kashe shi a 1769. Daga baya aka sa wa wani gari a jihar Michigan sunansa, a 1926 kuma General Motors, wato GM, ya sa wa mota.

6/ Wannan jan tambarin mai kama da kan kibiya da kuke gani a hancin Vibe, daga can ya samo asali. Da farko ma hoton kan mutum ne da gashin tsuntsu, sai a ƙarshen shekarun 1950 aka mayar da shi kibiya. Mutumin da ya yaƙi Bature, ga sunansa a jikin hajar Bature, ana lodin doya a bayanta a Zariya. Duniya kenan.

7/ A zamaninsa Pontiac ba ƙaramin suna ba ne. Shi ne ɓangaren GM na samari masu son gudu: GTO a 1964, Firebird a 1967. Wanda ya taɓa kallon Knight Rider, wannan baƙar motar mai magana Pontiac Trans Am ce. Manyan injina, ƙara, shan mai kamar ba gobe. Ku riƙe wannan, don shi ne kishiyar Vibe.

8/ Sai tsadar mai ta 1973 da ta 1979 ta zo. Mutanen Amurka suka sha layi a gidajen mai, suka fara waiwayar ƙananan motocin Japan, masu shan mai kaɗan kuma ba sa yawan zuwa gareji. Ku da kuka ga yadda aka riƙa ajiye manyan motoci bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ba sai na yi muku dogon bayani ba.

9/ Kamfanonin Amurka suka yi kuka, gwamnatinsu ta matsa wa Japan. A 1981 Japan ta yarda ba za ta tura wa Amurka fiye da mota miliyan 1.68 a shekara ba. Hanya ɗaya ta rage wa Japanawa: su zo su ƙera a cikin Amurka. Honda ya riga kowa, ya fara a Ohio a 1982. Toyota kuwa yana ɗari-ɗari, bai tabbata tsarinsa zai yi aiki da ma'aikatan Amurka ba.

10/ Shi ma GM yana da tasa matsalar: ya kasa ƙera ƙaramar mota mai inganci da za ta kawo riba. Kowa na da abin da ɗaya yake nema. Sai suka yi auren dole, suka kafa kamfanin haɗin gwiwa mai suna NUMMI a garin Fremont na jihar Kalifoniya, a 1984. Nan ne ɗakin haihuwar kowace Vibe da ke duniya.

11/ Wurin da aka zaɓa shi ne abin mamakin. Tsohuwar masana'antar GM ce da aka rufe a 1982 saboda ta gagari kowa. An yi ittifaƙi ma'aikatanta na cikin mafi muni a harkar mota a Amurka. Shan giya a bakin aiki, caca, yajin aiki ba sanarwa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa aiki, ranar Litinin abin ya fi haka.

12/ Tsofaffin ma'aikatan da kansu sun ba da labari a wani shirin rediyo, This American Life, a 2010: idan mutum ya ji haushin shugabanni sai ya jefa kwalbar lemo a cikin ƙofar mota kafin a rufe ta, don ta riƙa ƙara ta dami wanda ya saya. Ka tara kuɗinka ka sayi sabuwar mota, ashe fushin wani ka sayo.

13/ Dokar wurin guda ce: layi ba ya tsayawa. Motoci na tafe a kan bel, kowa na da 'yan daƙiƙoƙi ya ɗaura nasa. Ka ga kuskure? Bar shi ya wuce, a gyara a ƙarshe. Sai a ɗora kaya goma a kan kuskure ɗaya, a ƙarshen layi a tara motoci fili guda suna jiran gyara. Manaja dai adadi ake tambayarsa, ba inganci ba.

14/ Da Toyota ya karɓi ragamar, kowa ya ɗauka zai nemo sababbin mutane. Ina! Mafi yawan waɗanda ya ɗauka waɗancan tsofaffin ne, har da shugabannin ƙungiyar ƙwadago da suka fi kowa taurin kai. Aka kwashi ɗaruruwansu zuwa masana'antar Takaoka a Japan, suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Japanawa.

15/ A can suka ga wata igiya rataye a saman layi, ana ce mata andon. Duk ma'aikacin da ya ga matsala, ko kusa ɗaya ce ta ƙi zama, zai ja ta. Shugaban rukuni ya rugo ya taya shi. Idan ba a warware ba kafin motar ta kai wani wuri, layin gaba ɗaya ya tsaya. Kuma ba wanda zai zage ka, tambayarka ma za a yi yadda za a hana abin sake faruwa.

16/ Wallahi nan ne na ajiye waya na yi shiru. Mutanen da aka ce ba sa gyaruwa, su ɗin dai, a gini ɗaya. A Disamban 1984 mota ta farko ta fito, Chevrolet Nova, wadda a zahiri Corolla ce da wani suna. Ba a daɗe ba ingancin Fremont ya kusa kamo na Takaoka, rashin zuwa aiki ya faɗi warwas. Ni dai tun daga ranar na rage saurin cewa "mutanenmu ne ba su da kirki" idan na ga ma'aikata ta lalace.

17/ Toyota ya samu amsar da yake nema, ya je Kentucky ya gina tasa masana'antar, Camry ta fara fitowa daga can a 1988. GM kuwa ya turo manajoji sun gani da idonsu, amma da suka koma sauran masana'antu sai aka ƙi su. Wasu wuraren an rataya igiyar, amma wa zai ja alhali ana auna manaja da yawan motar da ta fita? Sai da aka ɗauki shekaru kafin darasin ya fara shiga, lokacin an riga an yi nisa.

18/ Fremont ta ci gaba da fitar da Corolla, da Tacoma, da Prizm ta GM. Da aka daina Prizm, sai Vibe ta maye gurbinta a 2002. An gina ta a kan ƙashin Corolla, tagwaye ce da Toyota Matrix. Bambancin: Matrix a Cambridge ta Kanada aka riƙa haɗa ta, Vibe a Kalifoniya. GM ya zana fatar, inji da giya na Toyota ne.

19/ Abin dariya, har Japan aka riƙa tura ta da sitiyari a dama da sunan Toyota Voltz. Ba ta yi kasuwa ba, a 2004 aka daina. Su suka ƙi, mu muka samu.

20/ Ta farkon, 2003 zuwa 2008, injinta 1ZZ-FE ne mai lita 1.8, irin na Corollar waɗannan shekarun sak, kuma sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa, ba bel ba. Kujerun baya suna kwanciya su yi shafal, ta gaba ta fasinja ma tana ninkewa, dandaɓen but ɗin roba ne mai tauri da za ka wanke da ruwa, gilashin baya yana buɗewa shi kaɗai. An yi ta ne don matasan Amurka masu zuwa yawon daji da kekuna. Ba su san buhun masara suka yi wa wuri ba.

21/ Sai 2008. A watan Yuli galan ɗin mai ya haura dala 4 a Amurka, tattalin arziki ya karye, aka daina sayen mota. GM ya je roƙon gwamnati. Aka ba shi kusan dala biliyan 50, da sharaɗin ya rage jiki. Ya riƙe Chevrolet, Cadillac, GMC da Buick. Buick ta tsira ne musamman don tana kasuwa a Chaina. Pontiac ba ta da wanda zai tsaya mata.

22/ Ranar 27 ga Afrilu, 2009 aka sanar za a kashe Pontiac. Ranar 1 ga Yuni GM ya shiga kotu a matsayin wanda ya karye, daga baya kuma ya zare hannu daga NUMMI. Vibe ta ƙarshe ta fito a Agustan 2009. Toyota ya ce ba zai riƙe wurin shi kaɗai ba. Ranar 1 ga Afrilu, 2010 wata jar Corolla ta sauko daga layi, ita ce ta ƙarshe cikin kusan mota miliyan 8. Ma'aikata wajen 4,700 suka koma gida.

23/ Abin da ya fi ba ni haushi: ba Vibe ce ta kashe Pontiac ba. Tana cikin mafi aminci a duk abin da ya ɗauki wannan suna, kuma ita ce wadda ba su suka ƙera cikinta ba. Ginin kuwa Tesla ya saya a 2010 a kan dala miliyan 42, daga nan Model S ta fara fitowa a 2012. Vibe ɗin Yayana da motar Elon Musk rufi ɗaya suka fito.

24/ Da na kawo wa Baba wannan duka, tambaya ɗaya ya yi: "Ta ina zan san ba daɗin baki kake mini ba?" Na nuna masa lambar shasi a ƙasan gilashin gaba. Ta Vibe da 5Y2 take farawa, alamar NUMMI. Ta Matrix da 2T1. Ya sa tabarau ya karanta da kansa, ya ce a je a sake dubawa da kyau, amma idan ta zauna a kan duwatsu ni zan riƙa share ƙarƙashinta.

25/ To ga abin da muka duba, ko zai amfani wani. Mafi ƙuruciyar Vibe a 2009 aka ƙera ta, ku yi lissafin shekarun. Da yawa sun fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, gishiri kuwa cin ƙarfe yake. Kar fenti ya ruɗe ka, a hau da ita rami a duba tsatsa. Ta farko da muka gani tana ƙyalli, ƙasanta kamar ƙosai.

26/ Mai inji 2.4 ta 2009 da 2010 ta fi ƙarfi, amma an san wannan injin da shan baƙin mai. GT ta farkon tana da injin 2ZZ da Yamaha ya taya ƙerawa, giya shida ta hannu, tana son mai mai kyau, kuma ba kowane makanike ya saba da ita ba. Mai jan ƙafa huɗu ƙarin kayan lalacewa ne idan ba ka buƙata. Mu 1.8 ta talaka muka ɗauka.

27/ Kar a ce na yi mata talla. Jinin Toyota da ya cece ta shi ya jawo mata cutar gidan: Vibe ta 2009 da 2010 na cikin motocin da aka yi wa kiranye a 2010 kan totur mai maƙalewa, kuma Vibe na cikin waɗanda matsalar jakar iska ta Takata ta shafa. A Amurka wasiƙa ake aiko maka a gyara kyauta. Nan ba wanda zai kira ka. Ka sa lambar shasin a shafin hukumar NHTSA, zai nuna idan akwai gyaran da ba a yi ba.

28/ Takardu kuma. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, saboda haka idan dillali ya ce maka "daga Kwatano kai tsaye", takardar kwastan za ka fara tambaya kafin launi. Mu sai da aka tantance tamu kafin Yaya ya tura ko sisi.

29/ Wata na biyu wani mai adaidaita sahu ya fasa mana fitilar baya ta hagu. Ranar na shiga Ƙofar Ruwa da saƙo biyu. Filtar mai da fulogi, shagon farko, na Corolla aka miƙo mini ba a ko ɗaga kai ba. Fitilar kuwa ta Matrix ba ta shiga, don fatar ta GM ce. Sai an jira wadda aka ciro daga wata Vibe da ta mutu.

30/ Sati uku muka yi da jan salatif a wurin. Kullum Baba ya fito zai tafi masallaci sai ya tsaya ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "Uwar tata mai kuɗin ba ta aiko da fitila ba?" An dai samo daga Legas, ta ɗan fi ɗayar duhu. Jiya shi ya karɓi makullin ya tafi ƙauye da ita, ya dawo da buhu huɗu na gero da akuya ɗaya a but.