Yaushe Ɗan Tayi Yake Zama Mutum? Tarihin Hujjojin Hana Zubar da Ciki



Maganar da zan yi a yammacin nan ba irin wadda Bahaushe ya saba yi a bainar jama'a ba ce. A gidajenmu in ciki ya lalace sai a ce wance ta yi ɓari, a yi mata sannu, a wuce. In kuwa da hannun mutum a ciki, watau zubarwa aka yi, to ba a ma faɗa, sai dai raɗa a ƙuryar ɗaki. Amma abin da kunya ta hana mu ambata a zaure, masana falsafa da malaman fiƙihu da likitoci sun fi shekara dubu biyu suna tattauna shi a rubuce. Abin da nake so in bi sawunsa shi ne hujja: waɗanda suka ce zubar da ciki laifi ne, da wane dalili suka faɗi haka, kuma wa suke ganin an zalunta?

Bari mu fara da Girkawa da Rumawa. Rantsuwar likitoci da ake danganta wa Hipokiratis ta hana likita ya ba mace abin matsi na zubar da ciki, amma wannan ba shi ne ra'ayin jama'ar zamanin duka ba. Aristotal, a littafinsa na siyasa, ya yarda a zubar in 'ya'ya sun yi wa gari yawa, muddin dai an yi kafin ɗan tayi ya sami ji da rai. A wani littafin nasa ya ce ɗa namiji yakan fara motsi wajen kwana 40, mace kuwa wajen kwana 90. Wannan lissafi ba shi da tushe, amma ya daɗe yana aiki a Turai. Su kuwa Rumawa, in sun hukunta mace a kan wannan, ba don jaririn suke yi ba. Shahararren lauyansu Sisaro ya ba da labarin wata mata a garin Militus wadda aka yanke wa hukuncin kisa domin ta karɓi kuɗi daga dangin mijinta masu kwaɗayin gado ta zubar da cikinta. Laifinta a wurinsa shi ne ta hana uba magaji, ta hana gari ɗan ƙasa. Haka kuma dokar da sarakunan Rum suka yi a farkon ƙarni na 3 bayan Annabi Isa, ta korar irin wannan mace daga gari, hakkin miji ta kare. Watau a wurinsu ɗan tayi dukiyar uba ce, wanda ya taɓa ta ya cuci mai ita.

Kiristocin farko su ne suka juya maganar a daular Rum. Wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya jera zubar da ciki tare da kashe jariri a cikin abubuwan da aka haramta. Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar da yanzu ake kira Tunisiya, ya rubuta wajen shekarar 197 cewa hana haihuwar wanda aka riga aka yi cikinsa gaggauta kisa ne kawai, domin abin da zai zama mutum hukuncinsa na mutum ne. A nan wanda aka zalunta ya tashi daga uba ya koma shi ɗan da ke ciki.

Sai dai da zarar an ce kisa ne, dole a tambaya: kisan wa, kuma tun yaushe? A nan fassara ta yi babban aiki, kuma a matsayina na malamin harshe ba zan wuce ta ba. A cikin Attaura, Littafin Fitowa, sura ta 21, akwai hukuncin mazan da suke faɗa suka bugi mai ciki. A nassin Ibrananci, in ɓari kaɗai aka yi ba wata ɓarna, tara za a biya. Amma da aka fassara littafin zuwa Girkanci a Iskandariya, sai maganar ta koma kan sura: in ɗan bai kammala sura ba tara ce, in ya kammala sai rai a bakin rai. Wannan fassarar ce malaman coci da yawa suka karanta. Saboda haka Agustin, limamin Hippo a Aljeriya ta yau, ya rarrabe tsakanin mai sura da marar sura, ko da yake duka biyun ya ɗauke su zunubi. Basil na Kaisariya ya ƙi wannan rarrabewa a 374, amma ita ce ta yi rinjaye a Yammacin Turai, musamman bayan Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya haɗa ta da ilmin Aristotal.

To, mu zo gida. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami da Arba'una Hadisi ya san hadisi na huɗu, na Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda ya bayyana matakan halitta a cikin mahaifa: maniyyi, gudan jini, tsoka, kowanne da kwana arba'in, sa'an nan a aiko mala'ika ya busa rai. Daga nan malamai suka sami kwana 120. Bayan wannan wa'adi ba su saɓa ba, haramun ne. Kafinsa ne aka yi ta kai da kawowa. Da yawa daga Hanafawa sun sauƙaƙa, musamman in da uzuri, kuma misalin da suka saba kawowa shi ne na mai goyo wadda ciki ya ƙafar da nononta, ga uban ba shi da halin ɗaukar mai shayarwa. Hambalawa sun tsaya a kwana 40. Shafi'awa sun rabu. Malikawa kuwa, waɗanda mazhabarsu muke bi, su ne suka fi kowa tsanantawa. Shehu Dardiri na Masar, mai sharhin Muhtasar, wanda ya rasu a 1786, ya ce ba ya halatta a fitar da abin da ya riga ya zauna a mahaifa ko da kafin kwana arba'in ne. Lahami ya halatta kafin arba'in ɗin, amma ba a kan maganarsa mazhaba ta tafi ba.

Akwai kuma hukuncin gurra. Mata biyu 'yan ƙabilar Huzailu suka yi faɗa, ɗaya ta jefi ɗaya da dutse, abin da ke cikinta ya faɗi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta a biya bawa ko baiwa. Malamanmu suka ƙiyasta wannan da dinari 50 ko dirhami 600, watau ushirin diyyar uwar. Ku lura da wannan adadi. Ba cikakkiyar diyya ba ce, saboda haka shari'a ba ta daidaita ɗan tayi da wanda aka haifa ya yi kuka ba. Kuma ba banza ba ce, saboda haka ba ta ɗauke shi kamar farce ko gashin da aka yanke ba.

Wanda ya fi burge ni a cikin wannan tarihi duka shi ne Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. A cikin Ihya, a babin ladubban aure, ya tambayi kansa: in azalu, watau zubar da maniyyi a waje, ba haramun ba ne, me ya sa zubar da ciki zai zama laifi? Sai ya amsa da misalin ciniki. Mai kaya ya yi tayi, in ya janye kafin abokin ciniki ya ce ya karɓa, bai warware komai ba, domin ciniki bai ƙullu ba. In kuwa tayi da karɓa sun haɗu, janyewa ta zama warware abin da ya tabbata. Haka ruwan namiji shi kaɗai ba ɗa ba ne. Amma in ya gamu da na mace ya zauna, an sami wani abu mai shirin karɓar rai, ɓata shi kuwa ta'adi ne. Sa'an nan ya ce munin yana ƙaruwa mataki mataki: a gudan jini da tsoka ya fi, bayan busa rai ya fi wannan, bayan haihuwa ya kai matuƙa. Wasu Hanafawa ma sun kawo makamanciyar wannan hujja da misalin mai harama da aikin Hajji: in ya fasa ƙwan tsuntsun daji sai ya yi fansa, alhali kuwa ƙwai ba tsuntsu ba ne, amma can ya nufa. Ƙarfin wannan hujja, a ganina, shi ne ba ta dogara ga sanin ranar da rai ya shiga ba. Ta dubi inda abin ya dosa.

Turai ba ta bar lissafin kwanaki ba sai da madubin likita ya tilasta mata. A dokar gargajiyar Ingila ma'aunin shi ne motsi: in uwa ba ta ji ɗa ya motsa ba, da wuya a gurfanar da kowa. Dokar 1803 ta sa hukuncin kisa bayan motsi, da hukunci mai sauƙi kafinsa. A 1827 Karl fon Baya ya gano ƙwan mace a jikin karya, a 1876 kuma Oska Hatwig ya ga yadda ƙwayar namiji take haɗuwa da ƙwai a wata halittar teku. Likitoci suka fahimci cewa girman ɗan tayi tafiya ce ba yankewa, motsi kuwa ranar da uwa ta ji ne kawai, ba ranar da wani abu ya fara ba. Ingila ta soke bambancin motsi a 1837, ta kuma tsara dokar 1861 mai ɗaurin rai da rai. A Amurka ƙungiyar likitoci ce ta ja gaba tun 1859, ƙarƙashin wani likitan Boston, Horeshiyo Stora, ko da yake ba tausayin jariri kaɗai ya motsa su ba. Akwai kishin sana'a da son ture ungozomomi gefe. A 1869 Paparoma Fiyos na Tara ya daina rarrabe mai rai da marar rai wajen hukuncin fitarwa daga coci. Abin mamaki, mutane da yawa suna zaton matsayin Turawa na "tun ranar farko" daɗaɗɗe ne, alhali a dokar Ingila bai cika shekara ɗari biyu ba, Malikawa kuwa sun riga su da ƙarnuka.

Ta wannan hanya dokar ta iso mana. Kundin laifuffuka da Turawa suka kawo Arewa a 1904, suka shimfiɗa wa Nijeriya duka a 1916, daga Kwinsland ta Ostireliya aka kwaso shi. Ya sa shekara 14 ga mai zubarwa, 7 ga macen, 3 ga mai sayar da magani. Kundin Finalkod na Jihar Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya biyo ta Sudan daga Indiya, kuma sashe na 232 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sai fa in an yi ne da kyakkyawar niyya don ceton ran uwa. Wannan togaciya ba baƙuwa ba ce a wurin malamanmu: in cuta biyu sun haɗu a ɗauki mai sauƙi, uwa kuwa ita ce tushe, ba a sare itace don reshe.

Daga baya wasu ƙasashe suka sassauta. Ingila ta yi a 1967, Amurka da hukuncin kotun ƙoli na 1973, wanda kotun da kanta ta rushe a 2022. Tunisiya, ƙasar Malikawa kuma ƙasar Tartuliyan, ta halatta a watanni uku na farko tun 1973. Masu goyon baya suna da hujjarsu, kuma adalci ne a faɗe ta. Judit Tomson ta rubuta a 1971 cewa ko an yarda ɗan tayi mutum ne, wannan bai ba shi ikon amfani da jikin wata ba da yardarta ba. A 1989 Don Makwis, ba tare da ya jingina ga wani addini ba, ya ce abin da ya sa kisa ya yi muni shi ne yana raba wanda aka kashe da dukan rayuwar da ke gabansa, ɗan tayi kuwa yana da irin wannan gaba. Wanda ya karanta Ihya zai ji kamar ya taɓa jin wannan magana, da tazarar kusan shekara ɗari tara.

Akwai abu ɗaya da na ga littattafan Turai ba su kula da shi ba, mu kuma muna neman mantawa. Mazhabar da ta fi kowa rufe ƙofar zubar da ciki, kuma take ɗaukar cikin marar miji a matsayin shaidar zina, ita ce ta buɗe wata ƙofar. Malikawa sun yarda ciki yana iya daɗewa har shekara huɗu ko biyar, abin da matanmu suke kira kwantaccen ciki. Likita zai yi murmushi, kuma da gaskiyarsa. Amma ku dubi aikin da hukuncin yake yi. Bazawarar da ciki ya bayyana gare ta bayan saki ba sai ta nemi saiwa ko jiƙo a ɓoye ba: ana jingina ɗan ga tsohon mijinta, ya sami uba da gado, ita kuma asirinta ya rufu. Yarinyar da ake kawowa asibiti cikin dare jini na zuba, bayan wani mai kemis ya gama da ita, galibi ba jahiltar haramcin ta yi ba. Tsoron gida ne ya kai ta, wanda ya yi cikin kuwa yana shagonsa ko ofishinsa ba wanda ya tambaye shi. Su malaman da suka hana, sun haɗa hanin da mafita. Kuma wannan hukunci bai zama tarihi ba tukuna: a watan Satumba na 2003, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta sallami wata bazawara da ƙaramar kotu ta yanke wa hukuncin jifa, kwantaccen ciki yana cikin dalilan da alƙalan suka kafa.