Yadda Aka Gano Inda Tsuntsayen Bakin Ruwa Ke Cin Hunturu

Shekaru aru-aru mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba idan sanyi ya kama. Har akwai masana da suka ce tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓo ta yi barci sai bazara. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klutz a Jamus, da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Gawarta na nan a Jami'ar Rostock, shaida ce cewa ƙaura suke yi.

Wanda ya mai da abin ilimi shi ne wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen. A 1899 ya fara ɗaura wa tsuntsaye zoben alminiyam a ƙafa, ɗauke da lamba da adireshi. Birtaniya ta bi sahu a 1909. Amma tsuntsayen bakin ruwa, masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a taɓo, wuyar kamu gare su. A 1959 aka kafa ƙungiyar sa musu zobe a gaɓar Wash ta Ingila, ana cilla musu raga da ƙarfin albarushi, ta rufe garke guda a lokaci ɗaya. A auna tsawon baki da fiffike, a ɗora tsuntsu a sikeli, a matse zoben da filaya, a sake shi.

Sai dai zobe wuri biyu kawai yake nunawa: inda aka ɗaura shi da inda aka tsince shi, galibi a hannun mafarauci ko masunci. Daga baya aka ƙaro zobba masu launi da ake karantawa daga nesa, ba sai an sake kamawa ba.

Tauraron ɗan'adam ne ya cike giɓin. Tsarin bin sawu na Argos ya fara aiki a 1978, amma na'urorin farko da ake sa wa tsuntsaye sun yi nauyi, sai manyan tsuntsaye irin gaggafa. Da aka ƙanƙanta su, abin mamaki ya fito. A 2007 wata tsuntsuwar godwit mai lamba E7 ta tashi daga Alaska ba ta sauka ba sai Niyu Zilan, fiye da kilomita 11,000 cikin kwana takwas, ba ci ba sha. A 2022 wani godwit ɗan wata biyar ya yi kilomita 13,560 zuwa Tasmaniya cikin kwana 11.

Mu ma labarin ya shafe mu. Wasu godwit na Holan gonakin shinkafar Senigal da Gini Bisau suke cin hunturu, tsuntsun ruf kuwa dubbansa ke sauka a Tafkin Chadi da fadamun Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 ambaliyar waɗannan fadamu ta ragu. Tsuntsun da bai ƙoshi a nan ba, da wuya ya ƙetare Sahara ya yi ƙwai a can, shi ya sa masu bincike a Turai ke sa ido kan daminarmu.