Littafi, jini ko alkawari: masu asiri daga teburin wasa zuwa Arlit

A shekarar 1974 kamfanin TSR na garin Lake Geneva a Amurka ya buga wani wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro, mai suna Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin lido, ciki har da mai fuska ashirin. Ɗaya yana jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama bakinsa. A bugun farko rukuni uku ne kawai: mayaƙi, mai tsafi, da malamin addini. Daga baya masu tsafin suka yi ta rabuwa. Wanda ake ce wa wizard, daga littafi yake samun ƙarfinsa, sai ya yi bita kafin asirin ya ci. Sorcerer ya shigo a bugu na uku, a 2000, shi kuwa a jininsa abin yake. Warlock ya zo a 2004, ya ƙulla alkawari da wata halitta, tana ba shi yana biya. Har gobe ƴan wasan na musu a kan wanda ya fi wani, masu tsara wasan kuma suna ta gyaran lissafi don kada wani ya danne wani.

Ni a Arlit na tashi, kimiyyar harshe nake karanta a Yamai, kuma wannan rabon bai yi mini baƙo ba ko kaɗan. Littafi, jini, alkawari: ai duk muna da su, da Hausa da Tamajak. Inda muka sha bamban da tebur shi ne, a wurinmu ba a taɓa daidaita su ba. Tarihi ne ya ɗaga wani ya kayar da wani, kuma kalmomin da muke amfani da su sun riƙe shaidar.

Mu fara da mai littafi. Kalmar malam daga Larabci take, haka tsibbu, daga kalmar da ke nufin aikin magani, haka hatimi. Duk kayan aikinsa na rubutu ne: allo, tawada, alƙalami, laya, rubutun sha. Abzinawa suna ce wa irin waɗannan malamai ineslemen. Ba ƙaramin ilimi ba ne fa. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi har jimillar ta zo daidai ta kowane ɓangare, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Shi malam kowa na iya zama, in dai ya jure zaman makaranta.

Mai jini kuwa shi ne maƙeri. A Abzin ana ce musu inadan, kuma ba a shiga cikinsu, haihuwar mutum ake yi a ciki. Su ke ƙera takobi da kayan azurfa da sirdin raƙumi, su ne ƴan aike a maganar aure. An yi imani suna da wani ƙarfi, tezma, wanda ke tashi in an hana maƙeri abin da ya roƙa, ya faɗa kan dabba ko yaron wanda ya yi rowar, ko da maƙerin bai yi nufi ba. To ka ga, ana raina shi a zance, ana tsoronsa a zuciya. Wannan tsoron ne ya sa mai dukiya ba ya iya cinye haƙƙinsa.

Sai mai alkawari, wato ɗan bori. Nahawun kansa ya faɗi matsayinsa: ba a cewa ya hau iska, iska ce ke hawansa, shi doki ne, mace kuma goɗiya. Ana shiga ta hanyar ciwo, a yi girka, daga nan akwai yanka da tufafi da kiɗan garaya da zai riƙa biya har ƙarshen rai. Matan Abzinawa suna da nasu, tende n goumaten, inda ake kaɗa turmin da aka rufe da fata don wadda Kel Essuf, mutanen daji, suka taɓa. Susan Rasmussen ta yi littafi a kai a 1995, daga zamanta da Kel Ewey. A rubuce-rubucenta ne kuma za ka ga kalmar boka da jam'inta bokaye sun shiga bakin Abzinawa yadda suke, ana nufin mai duba da magani ba da Alƙur'ani ba. Sun ari kalmar Hausa sun sa wa sana'ar da ake yi wa kallon zargi. Wannan aron ma labari ne.

Kuma iyakokin ba su da tsauri kamar a takardar wasa. Cikin iskokin bori akwai Malam Alhaji, dattijo mai tari da carbi. Wato bori ya ɗauki malam ya mai da shi iska. Malamin tsibbu kuma yakan haɗa rubutu da saiwa, abin da boka zai ce gonarsa ce.

To, wa ya jera su sama da ƙasa? A Gobir kafin jihadi, Inna, ƴar gidan sarauta, ita ce shugabar bori, tana da faɗa a fada. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru na Agadas, ya yaƙi wannan haɗin gambizar, kuma daga 1804 mai littafi ya hau sama a ƙasashen da jihadi ya ci. Bori ya fi samun sauƙi a inda sarautar Haɓe ta tsira, kamar Maraɗi da Tsibiri. Da Faransawa suka zo, ba su bambanta ba, duk wanda jama'a ke saurara abin tsoro ne. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, garin Sarauniya. A Disamban 1916 Kawusan, ɗan ɗariƙar Sanusiyya, ya kewaye barikin Agadas da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Da Faransawa suka karɓe garin a Maris 1917, malamai na cikin waɗanda suka kashe. A 1925 kuma iskokin Hauka suka ɓulla a yankin Filinge, suna kwaikwayon soja da kwamanda, aka kama masu su aka ɗaure. Sai 1978, aka kafa Izala a Jos, wa'azinta ya ƙetaro Nijar, ya sa laya da duba da bori a kwando guda. Malamin tsibbu da ya daɗe a sama ya wayi gari ana kiransa boka, kalmar ta zama zagi.

Arlit ta shigo labarin a makare. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka gina garin a 1969, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ta fara aiki a Akuta a 1978, ma'aikatanta na zaune a Akokan. Mutane suka zo daga Tawa da Damagaram da Maraɗi da Doso, kowa da malaminsa da bokansa, Hausa ta zama harshen kasuwa. A nan suka tarar da wani ƙarfi na ɓoye da ba wanda ya gada: dutse mai cutarwa ba tare da wari ko zafi ba. Laya ba ta auna shi, garaya ba ta kiransa. Mai iya ganinsa shi ne mai na'urar awo, kuma littafinsa da Faransanci yake. Ga sabon mai littafi, amma makarantarsa ba ta kowa ba ce.

Sai da ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan ta nemi taimako, masu bincike na CRIIRAD suka zo daga Faransa a ƙarshen 2003, aka gano ana sayar da tarkacen ƙarfe mai gurɓata a kasuwa. A 2009 Greenpeace ta auna titunan Akokan ta samu wuraren da awon ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Ku duba wanda tarkacen nan ke fara isa hannunsa: maƙeri, wanda gadonsa ya ce ƙarfe da wuta ba sa cin sa. An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tulin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20. Fim ɗin Amina Weira na 2016 a kan Arlit, iska ya sa a sunansa, kuma duk Bahaushe ya san kalmar nan ma'ana biyu gare ta.

Abin da ke damuna a matsayin ɗalibin harshe shi ne wannan. Kowane ɗaya cikin tsofaffin ukun, jama'a na da kalmomin da za su tuhume shi da su. An san kambun baka, an san sammu, an san maita, an san wanda ake kai wa ƙara. Na huɗun kuwa, a gidanmu kalmar Faransanci muke karyawa mu ce radiyasiyo, kakata kuma ta ce guba kawai. Wanda ba shi da sunan ciwonsa, ina zai kai kuka? Yana komawa wurin malam, ko boka, ko tende, su kuma su ba shi sunan da suke da shi.

Ƴan'uwa na wannan ƙungiya da ke maganar mu rubuta irin wasan nan da Hausa, ina bayanku, kuma kada mu ari mayun Turai alhali ga namu. Sai dai in mun zo zana takardar malam da maƙeri da ƴar bori, a bar mini ta huɗu. Kafin in cika ta, a hutun nan zan zaga wurin tsofaffin ma'aikata a Akokan da littafin rubutu, in ji da wace kalma suke kiran abin da suka shaƙa a ƙarƙashin ƙasa.