Labarin Gidan Osborne da Sarakunan da Suka Zauna Cikinsa

A kudancin Ingila akwai wani tsibiri da ake kira Wight, wani siririn ruwan teku ne ya raba shi da babbar ƙasa. A gefen arewa na wannan tsibiri, kusa da garin Cowes, nan gidan Osborne yake, bisa tudu, yana fuskantar teku. Muna so mu ba ku labarinsa, ku 'yan makaranta, don abin da ya wakana cikinsa ya isa a tsaya a yi tunani a kai.

Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila cikin shekarar 1837, ta auri Yarima Albat, mutumin Jamus, cikin 1840. Da suka soma samun 'ya'ya sai suka ga hayaniyar Landan da kaiwa da komowar fadawa sun hana su sakewa. Saboda haka cikin 1845 suka sayi filin Osborne da tsohon gidan da ke cikinsa. Tsohon gidan ya yi musu kaɗan, sai aka rushe shi. Yarima Albat da kansa ya zauna da wani gwanin magini, Thomas Cubitt, suka tsara sabo irin na ƙasar Italiya, da hasumiya biyu, ɗaya ta tuta, ɗaya ta agogo. Suka tare cikin 1846, amma ginin bai ƙare sarai ba sai 1851.

'Ya'ya tara Allah ya ba su. To, ku saurari yadda uban ya yi renonsu. Cikin 1854 ya sa aka kafa musu wani ɗan gida na katako can gefen lambu, irin na mutanen Suwizalan. A ciki 'yan matan suka koyi dafa abinci da gyaran ɗaki, su yi girki da hannunsu su kawo wa iyayensu. Kowane yaro kuma aka yanka masa 'yar gonarsa, aka ba shi shebur da baro masu ɗauke da haruffan sunansa. Abin da ya noma, sai ya kai wa uban, shi kuwa ya saya bisa kuɗin kasuwa. Cikin yaran nan da ke tonon ƙasa akwai wanda ya zama Sarkin Ingila, akwai wadda ta zama matar Sarkin Jamus. Ina yaron da ya yi shekara uku a makaranta ya ce shi yanzu ya fi ƙarfin riƙe fartanya? Ilmi bai hana noma ba, na duƙe kuwa tsohon ciniki ne.

Daɗin nan bai daɗe ba. Yarima Albat ya rasu ran 14 ga Disamba 1861, yana da shekara 42. Sarauniya ta koma Osborne ta yi zaman makoki, ba ta kuwa sāke tuɓe baƙaƙen tufafi ba har mutuwarta. Ta janye daga idon jama'a shekara da shekaru, har mutanen Ingila suka soma gunaguni, suna cewa ina amfanin sarautar da ba a ganin mai ita? Dole ministoci su riƙa shiga jirgin ƙasa, sa'an nan su shiga na ruwa, kafin su kai mata takardun mulki.

Duk da haka baƙi ba su yanke ba. Cikin Janairu 1878 Alexander Graham Bell ya zo ya nuna mata tarho, ta ji muryar mutum yana magana daga wani gida dabam, abin ya ba ta mamaki. Bayan shekara 20, cikin 1898, Marconi ya kafa wayar iska tsakanin gidan da jirgin ruwan da babban ɗanta yake jinyar gwiwa a ciki, aka dinga aiko mata labarin lafiyarsa ba tare da an ja waya ko taƙi ɗaya ba.

Akwai kuma baƙon da ya zo da baƙin ciki, shi ne Cetshwayo, Sarkin Zulu na Afirka ta Kudu. Turawan Ingila sun ci ƙasarsa da yaƙi cikin 1879, suka kama shi suka tsare. Cikin Agusta 1882 ya zo Osborne ya gana da Sarauniya, yana neman a mai da shi gidan ubansa. An karɓe shi da girma, an kuwa mai da shi cikin 1883, amma yanki kaɗai aka ba shi na ƙasar, aka bar saura hannun abokan gābansa. Yaƙi ya tashi, ya gudu, ya mutu cikin 1884. Kyakkyawar tarba a zaure ba ita ce biyan bukata ba.

Wani kuma da gidan ya ɗaukaka shi ne Abdul Karim, Musulmi, mutumin Agra ta ƙasar Hindu. Ya zo cikin 1887 yana mai kai abinci tebur, Sarauniya ta ga hankalinsa, ta mai da shi malaminta, ya koya mata harshen Urdu tana da shekara kusan 70, har tana rubutu da shi. Fadawa suka yi ta ƙyashi, ita kuwa ta ƙi sauraronsu. Son da take yi wa ƙasar Hindu ya sa cikin 1890 aka soma gina babban zauren da ake kira Durbar, wani gwani, Bhai Ram Singh, ya yi masa ado irin na can.

Ran 22 ga Janairu 1901 Sarauniya ta rasu a ɗakinta na Osborne, tana da shekara 81, ɗanta da jikanta Sarkin Jamus suna tsaye kanta. Shekara ɗaya ke nan bayan da Lugga ya kafa tutarta a Lakwaja. Sabon Sarki, Edward na Bakwai, bai tsaya wata-wata ba, ya sallami Abdul Karim ya koma ƙasarsu, aka ƙone wasiƙun da ta rubuta masa. Gidan ma bai so shi ba, cikin 1902 ya ba da shi kyauta ga al'umma. Wani sashe ya zama wurin jinyar hafsoshi, har zuwa shekarar 2000. Wajen bargar dawaki kuwa aka kafa makarantar koyon aikin sojan ruwa, daga 1903 zuwa 1921.

Cikin 'yan wannan makaranta akwai wani yaro mai kunya, mai i'ina, wanda ya shiga cikin 1909. Da aka yi jarrabawar fita, shi ne ya zo na ƙarshe a ajinsu. Wannan yaro shi ne ya zama Sarki Joji na Shida cikin 1936, ya kuwa tsaya da mutanensa a Landan duk tsawon yaƙin Hitila, bom na sauka, bai gudu ba. Wanda ya faɗi jarrabawa bana kada ya yanke ƙauna, wanda ya zo na ɗaya kuma kada ya yi alfahari.

Cikin 1954 Sarauniya Elizabet ta Biyu ta yarda a buɗe ɗakunan Biktoriya don jama'a su gani. Yau kowa ya biya kuɗin shiga sai ya ga gadon da ta rasu a kai, ya ga 'yan kayan noman yaran nan tara. Allah ya ba mu ikon amfani da abin da muka karanta, amin.