Furotin mataimaka: yadda suke isar da saƙon jijiya cikin ƙwayoyin halitta

Furotin mataimaka wasu ƙananan furotin ne da ke haɗuwa da makarɓan saƙo a jikin ƙwayar halitta, su ba su damar gane saƙon da ya zo daga waje, kuma su shigar da shi ciki. Binciken da aka yi a kansu ne ya share fagen samar da sababbin magungunan ciwon ɓarin kai, wanda ke addabar mutane sama da biliyan 1 a duniya, akasarinsu mata.

Ƙwayoyin jijiya suna aika saƙo ta hanyar sinadarai. Daga ciki akwai niyurofeftaid, wato gajeren jerin amino asid da ke da hannu a jin zafi, yunwa, barci da bugun jini. Niyurofeftaid ba ya iya ratsa tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, don haka yakan sauka a kan makarɓar da ke jikin tantanin. Makarɓar sai ta sauya siffa, ta tayar da furotin G da ke ciki, shi kuma ya sa a samar da wani sinadari kamar cAMP, wanda ke kai umarnin ga sauran sassan ƙwayar. Irin waɗannan makarɓa sun kai kusan 800 a jikin ɗan Adam, kuma aiki a kansu ne ya sa Robert Lefkowitz da Brian Kobilka suka sami lambar Nobel a 2012.

Misalin da ya fi shahara shi ne na CGRP, niyurofeftaid mai amino asid 37 da aka gano a 1982, wanda ke buɗa jijiyoyin jini ƙwarai. Masana sun daɗe suna zaton wani furotin mai suna CLR ne makarɓarsa, amma da suka dasa shi a wasu ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, sai ya ƙi amsa saƙon. A 1998 Linda McLatchie da Steven Foord da abokan aikinsu a kamfanin Glaxo Wellcome da ke Ingila suka gano dalili: CLR ba ya aiki shi kaɗai, sai da mataimaki da suka kira RAMP.

RAMP iri uku ne, kuma aikinsu biyu. Na farko, suna raka CLR daga inda aka ƙera shi a cikin ƙwayar zuwa kan tantani. Na biyu, su ne ke tantance saƙon da zai karɓa. Idan CLR ya haɗu da RAMP1, ya zama makarɓar CGRP. Idan kuwa da RAMP2 ko RAMP3 ya haɗu, ya fi karɓar wani sinadari mai suna adrenomedullin. Akwai kuma mataimaki na daban, RCP, wanda Ian Dickerson da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1996. Shi yana zaune ne daga ciki, yana ƙarfafa haɗin makarɓar da furotin G. Idan ya yi ƙaranci, CGRP na iya sauka a kan makarɓar amma saƙon ya raunana.

Alaƙar wannan da ciwon ɓarin kai ta fito fili a 1990, lokacin da Peter Goadsby da Lars Edvinsson suka ga CGRP na ƙaruwa a jinin da ke dawowa daga kan majiyyata idan ciwon ya tashi. A watan Mayun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da erenumab, allurar rigakafin ciwon da ake yi sau ɗaya a wata, wadda ke toshe daidai inda CLR da RAMP1 suka haɗu. Ƙwayoyin sha irin su ubrogepant da rimegepant sun biyo baya a 2019 da 2020.

Waɗannan magunguna suna da tsada, kuma samunsu ba shi da sauƙi ga mai fama da ciwon a garuruwa irin su Garam da Suleja, inda aka fi dogaro da maganin kashe zafi na kemis. Likitoci na gargaɗin cewa yawan shan irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba yana iya haifar da wani ciwon kan na daban, don haka wanda ciwon ke yawan dawo masa ya kamata ya je asibiti.