Tabon Kwalta da na Ƙwari a Jikin Mota: Yadda Ake Cire Su Ba Tare da Ɓata Fenti Ba

Tun da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar da shirin sabunta birnin Kaduna a 2019, aikin hanya ya zama abin da idon mazauna birnin ya saba da shi. Sabon titi alheri ne, sai dai duk wanda ya bi ta kansa kafin ya bushe zai iso gida da baƙaƙen ɗigo a ƙasan ƙofofin motarsa. Da damina kuma shinge da fara kan fashe a goshin motar masu tafiyar dare. A wuraren wankin mota na Unguwar Rimi, daga titin Isa Kaita zuwa titin Kinshasa, waɗannan tabo biyu na cikin masu wahalar da masu wanki. Asalinsu ba ɗaya ba ne, don haka maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Me ya sa ruwa ba ya cire kwalta?

Kwaltar da ake shimfiɗawa a titi ragowar ɗanyen mai ce, wadda kan kwanta bayan an tace fetur da kananzir da gas. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen samar da kwalta, amma ta shafe shekaru a tsaye, har ƙasar ta dogara da wadda ake shigowa da ita. Tunda kwalta dangin mai ce, ruwa ba ya narkar da ita, sai wani man. Wadda ta fi fantsama ita ce mai ruwa-ruwan nan da ake fesawa kafin a zuba shimfiɗar ƙarshe, wadda sau da yawa da kananzir ake tsinka ta.

Matakan cire ta

A ajiye motar a inuwa har jikinta ya huce, sannan a wanke ta sarai, domin ƙurar da aka goga a kan fenti tamkar yashi ce. A jiƙa tsumma mai laushi da maganin cire kwalta da ake sayarwa a shagunan kayan mota, ko WD-40, ko kananzir kaɗan, a fara gwadawa a wani ɓoyayyen wuri. A ɗora tsumman a kan tabon na minti 1 zuwa 2, a share a hankali, ana sauya gefen tsumman. In bai fita ba a maimaita, kada a dirza. Daga nan a wanke wurin da sabulun mota, a shafa man ƙyalli, domin abin da ya narkar da kwalta ya tafi da kariyar da ke kan fentin.

Ƙwari kuma fa?

Ruwan jikin ƙwaro yana cin fenti, zafin rana kuma yana gasa shi har ya bar shaida. Maganinsa ruwa ne da gaggawa. A shimfiɗa tawul da aka jiƙa da ruwan ɗumi mai sabulu a kan wurin na kimanin minti 10, sannan a share. Gara a yi haka cikin kwana 1 ko 2 da dawowa daga tafiya.

Abubuwan da za a guje wa

Fatar sama mai ƙyalli da ke kare launin mota ba ta kai kaurin takarda ba. Reza da soson ƙarfe suna kankare ta, man birki da tina suna cinye ta, garin sabulun wanki kuma yana dusashe ta. Fetur, wanda wasu ke garzayawa gare shi, yana kama wuta cikin sauƙi, yana kuma ɓata roba. Idan fatar ta tafi sai mai fenti, motar da aka sake wa fenti kuwa darajarta kan ragu a kasuwa. Tsumman da aka yi aiki da shi a bari ya sha iska nesa da wuta, kuma kada a zuba ragowar kananzir a kwata, tunda ruwan unguwar Kogin Kaduna yake gangarawa.

Alhakin wa?

Riga-kafi ya fi magani. Mai mota ya rage gudu a kan sabon titi, ya bar tazara tsakaninsa da manyan motoci. Amma killace ɗanyar kwalta da sanya alamar gargaɗi da buɗe hanyar ratse aikin ɗan kwangila ne, sa ido a kansa kuma aikin hukumar da ta ba shi kwangilar ne. Tayar da ta kwashi kwalta ta watsa a jikin mota ta rage wa titin wani abu daga abin da aka biya da kuɗin jama'a. Wanda ya ga an bar irin wannan wuri a buɗe yana da haƙƙin ɗaukar hoto, ya rubuta rana da wuri, ya kai koke ga ma'aikatar ayyuka ta jiha ko ga ɗan majalisar mazaɓarsa.